Sa ido ne ko kula da juna? Amsa ga mai tambaya kan kallon mutane da rayuwar bangaskiya a fili

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya ce ya lura idonsa ba ya sauka daga kan 'yan'uwa masu bi: wa ya makara zuwa sujada, wa ya daina zuwa addu'ar tsakiyar mako, yadda wane yake jan addu'a, abin da wance ta sa a jikinta. Wani lokaci yakan ce wa kansa ai kula ce, wani lokaci kuma lamirinsa ya ƙi yarda. Shi ma ya san ana kallonsa, har ta kai idan ya yi abin kirki ba ya iya rarrabewa ko don Allah ya yi ko don ido. Ga Matiyu 5:16 yana cewa haskenmu ya haskaka a gaban mutane, ga Matiyu 6:1 yana cewa kada mu yi ayyukan adalcinmu a gaban mutane don su gani. Wanne zai bi, ta yaya kuma zai gane niyyar zuciyarsa?

Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Tambayoyinka biyu ne a baki, amma saiwarsu ɗaya. Wanda yake rayuwa don idon mutane, galibi shi ne yake zama ɗan sa ido, domin ma'aunin da yake jin ana auna shi da shi, shi yake ɗauka ya auna wasu. Idan yana shan wahala ya iso sujada da wuri don kada a ce ya makara, dole ya ƙirga waɗanda suka makara, in ba haka ba wahalarsa ta tafi a banza. Saboda haka ba za ka gyara ɗaya ka bar ɗaya ba.

Kada ka ɗauka maganin shi ne ka rufe ido. Littafi Mai Tsarki ya umarce mu mu duba juna. Ibraniyawa 13:7 ya ce mu lura da ƙarshen zaman shugabanninmu, mu yi koyi da bangaskiyarsu. A Filibiyawa 3:17 Bulus ya ce a zuba ido ga masu tafiya bisa gurbin da manzanni suka bari. Ibraniyawa 10:24 ya ce mu lura da juna don mu zuga juna ga ƙauna da ayyuka nagari, Romawa 16:17 kuma ya ce a yi hankali da masu raba kan jama'a. Wanda ya fara tambayar Allah ko shi makiyayin ɗan'uwansa ne, Kayinu ne, a Farawa 4:9, jinin Habila kuwa yana ƙasa. Ikkilisiyar da mutum zai ɓace wata uku ba wanda ya lura, sakaci ya cinye ta, ko da tana kiran abin mutunta sirrin mutane.

Amma akwai kallon da ke kashewa, Markus 3:1-6 ya nuna shi kusa da kusa. Ranar Asabar ce, Yesu ya shiga majami'a, akwai wani mutum mai shanyayyen hannu. Mutanen da ke zaune sun ga mutumin, sun san Yesu zai iya warkar da shi, sai suka zuba ido su ga ko zai yi, don su sami abin kai ƙararsa. Yesu ya ce wa mutumin ya tsaya a tsakiya, ya tambaye su ko ya halatta a yi alheri ko mugunta ran Asabar, a ceci rai ko a kashe. Suka yi tsit. Ya dube su da fushi, yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu, ya ce wa mutumin ya miƙa hannunsa. Hannun ya warke a gabansu, ba wanda ya ce madalla. Suka fita suka haɗa kai da mutanen Hirudus kan yadda za su hallaka Yesu. Ka lura da abin da kallon ya yi wa masu kallon: mai ciwon ya daina zama mutum a idonsu, ya zama tarko kawai. Sun riga sun yanke hukunci kafin su shigo, shaida suke nema.

Irin wannan ido yana da 'yan'uwa. Akwai na kishi, wanda Saul ya sa wa Dawuda tun ranar da mata suka yi waƙa cewa Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai (1 Sama'ila 18:7-9). Dawuda bai yi masa komai ba, laifinsa kawai an yabe shi. Akwai na auna kai da wani, kamar Bafarisiyen Luka 18 da ya shiga Haikali yin addu'a, ya lissafa azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa, amma bai iya gama godiya ga Allah ba sai da ya nuna mai karɓar harajin da ke tsaye nesa. Akwai kuma wanda ba mugunta a cikinsa sosai, gudun nauyin kai ne kawai: Yesu ya gama gaya wa Bitrus irin mutuwar da zai yi, Bitrus ya waiwaya ya ga Yahaya, ya tambaya shi kuma fa. Amsar da ya samu a Yahaya 21:22 ita ce ina ruwansa, shi dai ya bi. Na ƙarshe shi ne na neman labari zalla, shisshigin da 2 Tasalonikawa 3:11 da 1 Timoti 5:13 suka haɗa da zaman banza. Bitrus ma ya jera mai shisshigi tare da ɓarawo da mai kisankai a 1 Bitrus 4:15, mu kuwa mun mai da shi ƙaramin hali.

To, ta yaya za ka gane wanne ne naka? Tambayar zuciya kai tsaye ba ta cika amfani ba, domin kullum za ta ce maka kula ce. Ka bi sawun abin da ke biyo bayan gani.

Fara da wannan: idan labari mai daɗi ya zo game da wanda kake kallo, me kake ji a daƙiƙar farko, kafin ka gyara fuska? Da ikkilisiyar Urushalima ta aiki Barnaba ya duba abin da ke faruwa a Antakiya, ai aikin dubawa aka ba shi, amma Ayyukan Manzanni 11:23 ya ce ya ga alherin Allah, ya yi murna. Idan ka daɗe kana zargin wani, sai ta bayyana ba shi da laifi, ka ji sanyi a ranka, kula kake yi. Idan ka ji kamar an ƙwace maka wani abu, ka san abin da kake yi. Wannan gwaji ya fi sauran kaifi, domin ba a iya yi masa shiri.

Sai ka duba inda abin da ka gani yake fara zuwa. Wurare uku ne kawai: gaban Allah, gaban mutumin, ko kunnen wani na uku. Mai kula yana bin na farko da na biyu. Ka duba kuma ko kana shirye ka biya wani abu. Ka lura wane ya daina zuwa sujada, to, za ka taka ka je gidansa? In ka tarar aikinsa ne ya ƙare, ko yana jinyar mahaifiyarsa, za ka sa hannu a aljihu ko ka zauna da mara lafiyar sa'a biyu? Kallon da ba ya shirye ya kashe ko sisi ko sa'a ɗaya, da wuya ya zama na ƙauna. Ka tambayi kanka kuma ko an ba ka nauyin wannan mutum. Uba a kan 'ya'yansa, fasto da dattawa a kan garke, malamin yara a kan ajinsa, aboki a kan abokin da ya ba shi izini, waɗannan za su ba da lissafi, kamar yadda Ibraniyawa 13:17 ya faɗa game da shugabanni. Ko su ma, da Bulus ya gargaɗi dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20:28, cewa ya yi su kula da kansu tukuna, sannan garken.

Ga aikin da za ka yi na kwana bakwai. Kowane dare, minti goma, ka ɗauki takarda ka rubuta wanda idonka ko tunaninka ya tsaya a kansa yau, abin da ka gani da idonka, abin da ka ji a ranka, da abin da ka yi da shi. Kada ka nuna wa kowa, ka yage takardar in mako ya cika. Abin da mutane da yawa suke tararwa shi ne sunaye biyu ko uku ne ke ta dawowa, kuma ba su ne mafi rauni ko mafi bukata a ikkilisiya ba. Sa'o'insu ne, masu baiwa irin tasu, ko wanda aka ba matsayin da suka so, ko wanda ya taɓa ɓata musu rai. Gwauruwar da ba mai ziyartarta ba ta cikin lissafin ko sau ɗaya. In haka naka ya fito, kada ka tsaya kare kanka. Ka kira abin da sunansa a gaban Allah, kishi ne ko riƙo, ka tuba, sannan ka yi wa waɗannan mutane addu'ar albarka da sunansu har kwana talatin, kana roƙa musu ainihin abin da kake ƙyashin su samu. Da farko bakinka zai yi nauyi. Ka ci gaba duk da haka.

Ko da niyyarka ta yi kyau, ka san iyakar ido. Eli babban firist ne, ya daɗe yana ganin masu sujada a Shilo. Ya zauna yana kallon bakin Hannatu, leɓunanta na motsi, murya ba ta fita, ya yanke cewa ta bugu (1 Sama'ila 1:12-17). Abin da ya gani gaskiya ne, fassararsa ce ƙarya. Abu biyu suka cece shi: ita ya yi wa magana kai tsaye, da ta ba shi amsa kuma ya karɓa, ya sallame ta da albarka. A Joshuwa 22 abin ya kusa zama yaƙin basasa. Kabilu biyu da rabi na hayin Urdun sun gina babban bagade, sauran Isra'ila suka taru a Shilo don yaƙi, suna ganin tawaye ne ga Ubangiji. Kafin a zare takobi aka aiki Finehas da shugabanni goma su tambaya. Ashe bagaden shaida ne don 'ya'yansu, ba na hadaya ba. Saboda haka duk lokacin da wani abu ya dame ka game da ɗan'uwa, ka raba shi uku kafin ka buɗe baki: abin da na gani, abin da aka gaya mini, abin da na zata. Sau da yawa na farkon layi ɗaya ne, sauran biyun su ne suka cika shafi.

Akwai kuma abubuwan da ba hurumin kowa ba ne. Romawa 14 ya yi maganar masu bi da suka saɓa kan abinci da ranaku, Bulus ya tambaya wane ne kai da za ka hukunta baran wani. Yawancin abin da ake sa wa juna ido a kai na wannan aji ne: salon waƙa, ɗaga hannu ko rashin ɗagawa, tsawon addu'a, irin tufafi muddin akwai kamun kai. Ka tambayi kanka ko za ka iya buɗe Littafi Mai Tsarki ka nuna wa mutumin aya a muhallinta. In ba za ka iya ba, ɗabi'arka ce aka saɓa wa, ba dokar Allah ba.

In kuwa zunubi ne bayyananne, hanyar tana Matiyu 18:15-17: kai da shi kaɗai, in ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan ikkilisiya. Galatiyawa 6:1 ya ƙara da cewa a yi shi da tawali'u, kana lura da kanka, manufar kuwa komo da shi ce. Matiyu 7:5 bai hana cire hakin idon ɗan'uwa ba, cewa ya yi a fara da gungumen. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Inda ake ɓata wannan hanya sananne ne. Ana tsallake mataki na farko da sunan "mu sa wane a addu'a", a zuba cikakken labarinsa a gaban mutum goma, sai tsegumi ya sa rigar ibada. Ana tura saƙon waya maimakon zama ido da ido, alhali saƙo ba ya ɗauke da murya, kuma ana iya tura shi gaba. Ana ɗauko shaidu daga cikin waɗanda aka riga aka cika wa kunne, sai mutumin ya ga taron dangi aka yi masa. Ana kuma tara laifuffukan shekara a zube su rana ɗaya. Ka je cikin mako guda, ka kai magana ɗaya, ka fara da tambaya: "Ɗan'uwa, na ga abu kaza, ya dame ni, ko akwai abin da ban sani ba?" Sannan ka yi shiru ka saurara. In maganar ta shafi dattijon ikkilisiya, 1 Timoti 5:19 ya ce kada a karɓi ƙara sai da shaidu biyu ko uku.

A nan dole in yi togaciya mai nauyi. In abin da ka gani cin zarafin yaro ne, ko dukan mace, ko fyaɗe, ko barazana ga rai, wannan ba maganar kai da shi kaɗai ba ce. Ba a tura wanda aka cuta ya zauna shi kaɗai da wanda ya cuce shi da sunan Matiyu 18. A kare mai rauni nan take, a sanar da shugabanni, a kai wa hukuma, gama Romawa 13:4 ya ce don hukunta mai mugunta aka ba ta iko. Wanda ya yi shiru kan irin wannan yana cewa ba ya son sa ido, ya yi wa tsoro suna mai kyau ne kawai.

Kallon juna ya fi lafiya in an yi shi da yarda, kowa kuma yana ƙarƙashinsa. A 1742 a Bristol ta Ingila, mabiyan John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ƙungiyar Methodist, sun kasu rukuni-rukuni na kimanin mutum goma sha biyu, da farko don tara kuɗin biyan bashin ɗakin taronsu. Masu karɓar kuɗin suka riƙa gano halin da mutane ke ciki, sai abin ya koma taron mako-mako inda ake tambayar kowa yadda ransa yake tafiya. Dokokinsu na 1743 sun kira wannan lura da juna cikin ƙauna. Abin da ya raba shi da leƙen asiri shi ne mutum ya shiga da kansa, yana faɗa da bakinsa, a gabansa ake magana. Ka nemi mutum biyu ko uku masu riƙon amana ku yi haka duk mako. Wanda ya saba ana tambayarsa nasa, hannunsa yakan yi laushi a kan na wasu.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Matiyu 5:16 da 6:1 huɗuba ɗaya ce, daga baki ɗaya. Ka karanta kowace aya har ƙarshenta. Ta farko ta ƙare da mutane suna ɗaukaka Ubanku da ke sama. Ta biyu ta yi maganar yin abu don mutane su gan ku, ta ƙare da rasa lada wurin Ubanku da ke sama. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a 430, ya yi wa'azi guda kan daidaita ayoyin nan biyu, ya nuna cewa ba ganin ne aka hana ba, mai da ganin ya zama manufa aka hana. Ka duba kuma abin da kowace sura take magana a kai. Hasken sura ta 5 ya biyo bayan tawali'u, jinƙai, tsarkin zuciya, sulhuntawa, jimre wa tsanani. Waɗannan ba sa ɓoyuwa, maƙwabcinka zai gani ko ka so ko ka ƙi. Sura ta 6 kuwa ta ɗauki sadaka, addu'a, da azumi, abubuwan da ke tsakaninka da Allah. Sau uku Yesu ya ce masu yi don a gani sun riga sun karɓi ladansu, sau uku ya ce Uba mai gani a ɓoye zai sāka. Abin da muke yi sau da yawa shi ne mu juya su: mu ɓoye gaskiya da jinƙai inda za su jawo mana asara, mu baje ibada inda za ta jawo mana suna.

Hanyoyin faɗuwa biyu ne, ubangijinsu ɗaya, wato idon mutane. Hananiya da Safiratu sun ga Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni, suka so irin sunansa ba da irin farashinsa ba. Bitrus ya gaya wa Hananiya a fili cewa filin nasa ne, kuɗin ma a hannunsa yake, ba wanda ya tilasta shi. Ƙaryar cewa duka ke nan ita ta kashe su (Ayyukan Manzanni 5:1-11). Wannan aikin ganin ido ke nan. Ɗaya hanyar kuwa ta shugabannin Yahaya 12:42-43 ce, waɗanda suka gaskata da Yesu amma ba su bayyana ba don kada a kore su daga majami'a, domin sun fi son yabon mutane. Bitrus kansa ya zame a nan: a Antakiya yana ci tare da al'ummai, da wasu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye, har Barnaba ya bi shi, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Ra'ayinsa bai sāke ba, masu kallo ne suka sāke.

Daniyel ya fi kowa nuna tsakiyar hanya. Abokan aikinsa, a mulkin da ke da hakimai 120 da shugabanni uku, sun bincike aikinsa ba su sami sakaci ko cin amana ba, sai suka sa sarki Dariyus ya kafa dokar kwana talatin ta hana roƙon kowa sai sarki. Daniyel 6:10 ya ce ya shiga ɗakinsa na bene mai tagogi buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana, kamar yadda ya saba. Bai fita kan titi ya yi ba don ya nuna jarunta, bai kuma rufe tagar da ta saba zama a buɗe ba. Wannan shi ne ma'aunin da zan ba ka: me ke sākewa a halinka idan masu kallo suka sāke? Duk abin da ya ƙaru don wani ya shigo, ko ya ragu don wani ya shigo, nan ne wurin aikinka.

A aikace ga yadda za ka duba. Addu'a a gaban jama'a halal ce, Yesu ya yi ta da murya a kabarin Li'azaru saboda taron da ke tsaye. Amma ka gwada tsawon addu'arka a taro da tsawonta a ɗaki cikin mako ɗaya. In ta taro ta fi, ka rage ta, ka ƙara ta ɗaki. Ka lura ko muryarka da kalmominka suna sākewa in babban baƙo yana wurin, ko kana yi wa wani wa'azi ta cikin addu'a. A wajen bayarwa, ka riƙe aƙalla abu ɗaya kowane wata da ba wanda ya sani sai wanda ya zama dole, in ya yiwu har mai karɓa bai san daga ina ya fito ba. Ɗaukar hoton mabukaci yana karɓar taimako a sa a intanet yana da illa biyu: ka karɓi ladanka, ka kuma biya shi da mutuncin wani. In aiki ne na ƙungiya da dole a ba masu tallafi rahoto, a ba da adadi da lissafi, a bar fuskoki sai da yardar masu su. In kana azumi, Matiyu 6:17 ya ce ka wanke fuska ka shafa mai. In an miƙo maka abinci, "na gode, ba yanzu ba" ya isa, in an tambaye ka kai tsaye kuma kada ka yi ƙarya. In za ka ba da shaida a gaban ikkilisiya, ka rubuta ta tukuna, ka ƙirga jimloli nawa ne kai ne mai aikatawa, nawa ne Allah.

Kuɗin jama'a kuwa dokarsa dabam. A nan ɓoyewa ba tawali'u ba ne. Da Bulus zai kai gudummawa Urushalima, ya sa Titus da wasu 'yan'uwa biyu cikin aikin, ɗaya ikkilisiyoyi ne suka zaɓe shi, ya ce yana so a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane (2 Korintiyawa 8:16-24). Baiko mutum biyu aƙalla su ƙirga, waɗanda ba dangin juna ba, a rubuta, a sa hannu, a karanta rahoto a fili.

Abin da na waje suke gani su gaskata ba shi ne abin da muke zato ba. Tatuliyan, marubucin Kirista na Arewacin Afirka, a rubutunsa na kare bangaskiya wajen shekara ta 197, ya ce abin da arna ke nunawa game da Kirista shi ne yadda suke ƙaunar juna. A 362 sarkin Roma Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist na gumaka a Galatiya yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na arna, suna kula da baƙi da binne matattu. Maƙiyi ne ke ba da wannan shaida, ba kuma tsawon addu'arsu ya ambata ba. Haka yake a wurin aiki: Kolosiyawa 3:22 ya hana aikin ganin ido, wato ƙwazo in shugaba na nan, sanyin jiki in ya fita. Ka biya bashi ranar da ka ce, ka ƙi sa hannu a takardar ƙarya, ka nemi gafara in ka yi kuskure. Idan an tambaye ka dalili, 1 Bitrus 3:15 ya ce ka kasance a shirye ka amsa da tawali'u da ladabi, ka kuwa ambaci sunan Almasihu, kada ka tsaya a "haka aka rene ni". Inda bayyana bangaskiya ke iya jawo kisa, taka tsantsan ba musu ba ne: Yesu ya ce in an tsananta muku a gari ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:23), Bulus ma a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Iyakar ita ce kada baki ya musunci Ubangiji in an tambaye shi.

Saura damuwarka cewa ba ka iya tantance niyyarka. Ba za ka taɓa tantance ta sarai ba. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 4:3-5 ko kansa ba ya yanke wa hukunci, Ubangiji ne zai tone nufin zukata. Akwai masu bi da suka daina waƙa, suka daina koyarwa, suka daina bayarwa, wai sai sun tabbatar ba ko ɗigon son yabo a ransu, aikin ya tsaya, su kuma suka ƙara nutsewa cikin kallon kansu. Kada ka bi su. In an kira ka ka ja addu'a ran Lahadi, ka tashi ka ja. In ka ji son a yaba yana motsi a tsakiyar addu'ar, ka faɗa wa Allah a zuciyarka cikin kalma biyu, ka ƙarasa. In an yabe ka bayan an tashi, ka ce "na gode, mun gode wa Allah", kada ka yi ta musu har a sake yabonka sau uku. Binciken kai ka ba shi lokacinsa, minti goman nan na dare da addu'ar Zabura 139:23-24, in ya cika ka rufe, ka kwanta. In bayan wata biyu ko uku damuwar tana hana ka barci ko tana sa ka guje wa Jibin Ubangiji, ka kai ta wurin fastonka ko wani dattijo da ka amince da shi, ku zauna ku duba ta tare.